Star Wars: Visions: Abin da ya faru da Disney ta bai wa baƙi aron takobin haske

’Yan fashi sun dira a wani ƙaramin ƙauye suna karɓar dukiyar jama’a da bakin bindiga. Shugabarsu mace ce, makaminta kuma kamar lema yake, sai dai kowane tsinke na lemar jan takobin haske ne.

Wani baƙo da ya yada zango a shagon mai shayi ya miƙe, ya ce wa mai shagon ya gyara masa mutum-mutuminsa kafin ruwan da ke kan wuta ya tafasa. Sannan ya sauka filin daga, ya zaro nasa takobin. Shi ma ja ne.

Da wannan gajeren fim mai suna The Duel, wanda kusan dukkansa baƙi da fari ne, aka buɗe jerin katun na Star Wars: Visions a manhajar Disney+ ranar 22 ga Satumban 2021. A duniyar Star Wars jan takobi alamar mugaye ce, wato ’yan Sith, don haka mai kallo ya ƙare fim ɗin yana tambayar kansa ko wane ne wannan mai ceton.

Bashin da aka daɗe ba a biya ba

Tun da George Lucas ya fitar da fim ɗin farko a 1977, labarin Star Wars yake tafiya a kan tsari guda: abin da ya faru a wannan fim dole ya dace da na wancan. Disney ta sayi kamfanin Lucasfilm a 2012 a kan dala biliyan huɗu da ɗoriya, ta kuma ƙara tsaurara wannan tsari. Akwai ma wani sashe a kamfanin da aikinsa shi ne kula da kada labarai su ci karo da juna.

A Visions an ɗage wannan doka. An gayyaci kamfanonin zane bakwai na Japan, aka ce kowa ya yi nasa labarin, ba sai ya shiga tarihin da aka kafa ba. Suka yi gajerun fina-finai tara, babu wanda ya kai minti 25.

Ba a banza aka fara da Japan ba. Lucas da bakinsa ya sha faɗa cewa fim ɗin Akira Kurosawa na 1958, The Hidden Fortress, shi ya ba shi dabarar ba da labarin yaƙi ta idon waɗanda suka fi kowa ƙanƙanta. Manoma biyu na Kurosawa su ne suka zama mutum-mutumin nan biyu, C-3PO da R2-D2. Tufafin jaruman Jedi da yadda suke riƙe takobi ma duk da ƙamshin samurai. Ke nan kayan aro ne suka koma gida bayan shekara 44.

Japanawan ba su yi wa aron da sauƙi ba. A The Twins na kamfanin Trigger, tagwaye suna gwabzawa a bayan jirgin yaƙi a tsakiyar sararin samaniya, ɗayansu ko hular shaƙar iska bai saka ba. A Tatooine Rhapsody kuwa babu wani babban yaƙi, labarin wasu makaɗa ne da ke neman ceto ɗan’uwansu daga hannun Jabba da waƙa. Wasu masoyan Star Wars sun yi ƙorafin cewa an yi wasa da abin da suke girmamawa. A ganina, wannan wasan shi ne amfanin shirin baki ɗaya.

Kashi na biyu ya fi ciwo

A ranar 4 ga Mayun 2023 aka saki kashi na biyu, aka kuma faɗaɗa gayyatar zuwa Sifaniya, Ireland, Chile, Birtaniya, Koriya ta Kudu, Faransa, Indiya, Japan da Afirka ta Kudu. A nan ne shirin ya yi nauyi, domin da yawa daga cikin masu zanen sun zo da tabon tarihin ƙasashensu.

Wanda ya fi tsaya wa mutum a rai shi ne In the Stars na kamfanin Punkrobot da ke Chile. Darakta Gabriel Osorio, wanda ya ci kyautar Oscar a 2016 da gajeren katun ɗinsa Bear Story, ya ba da labarin ’yan mata biyu ’yan’uwa da suka rage daga al’ummarsu bayan dakarun Daular sun karkashe sauran, sun kafa masana’anta, sun kuma mamaye ruwan sha. Babbar tana satar ruwa don su rayu, ƙaramar ta ƙi yarda cewa an gama da su.

Osorio ya ɗauko ruhin labarin ne daga abin da ya sami ’yan ƙabilar Selk’nam na ƙarshen kudancin nahiyar Amurka ta Kudu, waɗanda masu kiwon tumaki da masu neman zinare daga Turai suka kusa shafewa daga doron ƙasa a ƙarshen ƙarni na 19. Manyan fina-finan Star Wars sun nuna Daular tana tarwatsa duniya guda da harbi ɗaya, amma daga nesa ake gani, kamar wasan wuta. A nan kuwa zaluncin yana da fuska, kuma a kan tulun ruwa ake yin sa.

Screecher’s Reach na Cartoon Saloon daga Ireland shi ma ba ya sassautawa. Wata yarinya mai suna Daal, da ta gaji da bauta a gidan aikin ƙarfi, ta shiga kogon da ake cewa akwai fatalwa. Ta fito da takobi, ta kuma sami wadda za ta ɗauke ta daga talauci. Sai a minti na ƙarshe mai kallo ke gane hannun wa ta faɗa. Iyaye su sani, wannan ba katun ɗin da za a kunna wa ƙananan yara a tafi kasuwa ba ne.

Masu sha’awar fina-finan Indiya kuwa za su ga gida a The Bandits of Golak: jirgin ƙasa cike da fasinjoji, wa da ƙanwarsa suna gudun hijira, gidan abinci a bakin hanya, har da mugu mai gashin baki.

Rabon Afirka

Fim ɗaya ne ya fito daga nahiyar Afirka, wato Aau’s Song na kamfanin Triggerfish da ke birnin Cape Town, wanda Nadia Darries da Daniel Clarke suka ba da umarni. Aau yarinya ce mai son waƙa, amma mahaifinta ya hana ta, saboda muryarta tana tayar da duwatsun kyber da ake haƙowa a garinsu. Da waɗannan duwatsu ake yin takobin haske, kuma ’yan Sith sun gurɓata su tun da daɗewa. Daga baya aka gano muryar da ake tsoro ita ce ke tsarkake su. Mutanen fim ɗin kamar ’yan tsana na ulu suke, alhali da kwamfuta aka zana su, kuma babu faɗan takobi ko ɗaya a ciki.

A shekarar ce dai Triggerfish ya jagoranci Kizazi Moto: Generation Fire, jerin gajerun katun goma na masu zanen Afirka, ciki har da Moremi na ɗan Najeriya Shofela Coker. A 2024 kuma Disney ta fitar da Iwájú tare da kamfanin Kugali, labarin da aka gina a kan Legas ta nan gaba.

Sai dai ’yancin Visions yana da iyaka. Mai zane yana iya zuba tarihin kakanninsa a ciki, amma sunan Star Wars da duk abin da aka ƙirƙira ƙarƙashinsa mallakar Lucasfilm ne, kuma kamfanin ne ke zaɓar wanda za a sake kira.

Da aka saki kashi na uku a Oktoban 2025, gayyatar ta koma Japan kaɗai. Labarai uku na kashi na farko, The Duel da The Village Bride da The Ninth Jedi, sun sami ci gaba. Cikin gajerun fina-finai 27 da aka yi zuwa yanzu, na Aau ne kawai aka zana a Afirka.