Wa Ke da Ikon Buɗe Littafin Masu Karɓar Magani?

Duk wanda ke hada-hada tsakanin Kasuwar Singa da Sabon Gari bai manta da watan Fabrairun 2024 ba. Bayan hukuncin Babbar Kotun Tarayya da ke Kano, jami'an NAFDAC da na majalisar da ke kula da masu harhaɗa magunguna, wato PCN, suka bi Malam Kato da Niger Street da cikin kasuwar Sabon Gari suna garƙame shagunan magani, har sama da 1,300. Aka ce wa dillalai su tattara su koma sabuwar cibiyar sarin magani ta Ɗangwauro da ke kan titin Zariya. An yi ta kai ruwa rana, masu kuka da tsadar shago na yi, masu kuka da nisa na yi. Hujjar hukuma dai guda ce: a san inda kowane katon ɗin magani ya fito, a kuma san hannun da ya shiga.

Ba a banza aka kai ga haka ba. A ƙarshen Afrilun 2018 BBC ta fitar da rahotonta kan maganin tari mai kodin, inda Kano ta fito ƙarara, kuma kafin a ce kwabo Ministan Lafiya na lokacin, Farfesa Isaac Adewole, ya haramta haɗa shi da shigo da shi. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 a Najeriya sun yi mu'amala da kayan maye a cikin shekara guda. Daga cikinsu miliyan 4.6 magungunan kashe raɗaɗi irin su tiramadol suka sha ba bisa ƙa'ida ba, miliyan 2.4 kuma maganin tari. Wato kaso mai tsoka na masifar nan daga kan kantar magani yake fitowa.

Sai dai katon ba shi ne ƙarshen tafiyar magani ba. Daga katon sai kwali, daga kwali sai sacet, daga sacet sai tafin hannun wani mutum mai suna da gida da iyali. Duk hukumar da ta ɗauko bin diddigin magani, ko ba daɗe ko ba jima sai ta zo ga tambayar wa ya sha. Daga nan kuma an bar lissafin kaya an shiga sirrin mutane.

Amurka ta riga mu isa wannan mararraba, don haka yana da kyau a leƙa yadda ta kaya a can. Jihar Kalifoniya tun 1939 take tattara bayanan magungunan da ke sa maye, kuma a yau kowace jiha tana da rumbunta a kwamfuta. Yadda yake aiki ba wuya. Duk lokacin da aka ba mutum maganin da ke cikin jerin waɗanda ake sa wa ido, famasin da ya bayar zai aika da sunan majiyyaci, da ranar haihuwarsa, da adireshinsa, da sunan likitan da ya rubuta, da irin maganin da adadinsa. Likita na gaba, kafin ya rubuta, sai ya duba. Idan ya ga mutum ya zagaya likitoci huɗu a wata guda yana karɓar abu ɗaya, ya san da walakin. Haka kuma likitan da ya mai da takardarsa haja, shi ma rumbun zai tona shi.

Amfani ne babba, amma tun da wuri aka gane hatsarinsa. A 1972 jihar New York ta yi dokar tattara sunayen masu karɓar irin waɗannan magunguna a kwamfuta guda. Wasu majiyyata da likitoci suka garzaya kotu, suna cewa tsoron a yi musu tambarin 'yan ƙwaya zai sa mutane su guje wa maganin da suke bukata. A 1977 Kotun Ƙolin Amurka ta bar dokar ta ci gaba da aiki, amma dubi abin da ta gani kafin ta yarda. Ɗakin da ake ajiye bayanan an kewaye shi da waya mai kulle da ƙararrawa. Ma'aikata 17 kacal ke da izinin ganin sunaye, sai masu bincike 24 da za su iya dubawa idan an ga alamar wuce gona da iri. Bayan shekara biyar a lalata takardun. Wanda ya fitar da sunan majiyyaci da gangan, ɗaurin da ya kai shekara guda da tarar dala 2,000 na jiransa. Ƙa'idar buɗewa da ƙa'idar tattarawa tare aka haife su, a doka ɗaya.

Inda aka yi sakaci kuwa an gani a ƙwaryar cin tuwo. A 2013 a jihar Yuta, maganin mofin ya ɓace daga motocin ɗaukar marasa lafiya. Ɗan sandan da ke bincike ya shiga rumbun jihar ya zazzage tarihin magungunan ma'aikatan kwana-kwana kusan 480, ba tare da izinin alƙali ba. Bai kama ɓarawon mofin ta wannan hanya ba, amma ya ga abin da bai shafe shi ba, har aka gurfanar da wasu ma'aikata kan magungunan da likitocinsu suka rubuta musu. Daga baya aka janye tuhumar, bayan an gama zubar musu da mutunci. Sai a 2015 majalisar jihar ta wajabta wa 'yan sanda neman izinin kotu kafin su leƙa. A jihar Bajiniya kuma, a 2009, wani ɗan kutse ne ya shiga rumbun, ya yi iƙirarin kwashe bayanan mutum sama da miliyan 8, ya nemi fansar dala miliyan 10.

Mu a nan ba mu kai ga rumbu na bai-ɗaya irin wannan ba. Abin da muke da shi littattafai ne a warwatse: rajistar magunguna masu haɗari da doka ta ɗora wa famasi ya riƙa cikewa, da fayil ɗin asibiti, da takardun hukumomin inshorar lafiya irin su KSCHMA da ke riƙe da bayanan ma'aikatan jihar Kano da iyalansu. Sannu a hankali duk suna komawa kwamfuta, kuma ranar da aka haɗa su wuri guda, abin da a da sai mutum ya yi yawon asibiti biyar kafin ya gano, zai same shi da danna maɓalli ɗaya.

Doka ba ta bar mu a sake ba, ko da yake kaɗan ne suka san da ita. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 26, ta ce duk bayanin da ya shafi lafiyar mutum, da maganin da ake masa, da zamansa a cibiyar lafiya, sirri ne. Ba a fitar da shi sai da yardarsa a rubuce, ko da umarnin kotu ko wata doka, ko bisa bukatar iyaye ko waliyyi idan yaro ne ƙarami ko wanda ba ya iya yanke wa kansa shawara, ko kuma idan rufewar za ta jefa lafiyar jama'a cikin babban haɗari. Sashe na 29 ya tanadi ɗaurin da ya kai shekara biyu ko tarar naira 250,000, ko duka biyun, ga wanda ya kutsa cikin bayanan ba da izini ba ko ya kwafe su. Sai kuma Dokar Kare Bayanai da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023, wadda ta sa bayanin lafiya cikin mafi tsananin bukatar kariya, ta ba mutum ikon ganin abin da aka rubuta a kansa da neman a gyara kuskure, ta kuma wajabta sanar da hukumar kare bayanai ta NDPC cikin awa 72 idan bayanai suka zurare ta yadda za su cutar da masu su.

To amma je ka tsaya minti goma a gaban kantar wani shagon magani a Fagge da yamma. Littafin na nan a buɗe kusa da na'urar cirar kuɗi, an ɗaure biro da zare. Wanda ya zo sa hannu yana ganin sunaye goma da ke saman nasa, da lambobin wayarsu, da abin da suka karɓa. Yaron shago kuma daga can ciki yana ɗaga murya, “Hajiya, na farfaɗiyar nan bai zo ba, sai jibi,” alhali mutum shida na tsaye a bayanta, biyu 'yan layinsu ne. Ba mugunta ba ce, rashin ɗaukar abin da muhimmanci ne. Abin mamaki, a Singa ɗin nan, babu ɗan kasuwar da zai bar littafin bashinsa a buɗe maƙwabci ya ga nawa ake bin wane. Ya san ranar da ya yi haka ya rasa abokin ciniki. Sirrin katon ɗin taliya ya samu wannan gata, sirrin ciwon mutum bai samu ba.

Kuma sunan magani ya fi katin asibiti surutu. Wanda ya san magani, da ya ga jerin abin da kike karɓa ya san ko kina ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, ko kina zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, ko kina neman haihuwa, ko kina tazararta. A garin da ake binciken aure gida-gida, layi ɗaya daga wannan littafi ya isa ya sa a mayar da kayan sa rana. Ya isa ya sa ubangida a kasuwa ya sallami yaron da ya yi shekaru yana masa amana. Ya isa ya zama makamin gori a hannun kishiya, ko na ɓatanci a hannun abokin hamayyar siyasa.

Masu nema su gani ba baƙi ba ne galibi, shi ya sa hana su ke da nauyi. Maigida zai zo ya ce, “Ni nake biyan kuɗin, nuna mini abin da take sha.” A cikin waɗanda doka ta lissafa babu miji ga mace baliga mai hankalinta, sai da yardarta a rubuce. Uba zai zo da hawaye kan ɗansa mai shekara ashirin da biyar da yake zargin ya faɗa ƙwaya. Abin tausayi ne, amma mafita ita ce a zauna da yaron da likita, ba a miƙa wa uban littafin da ke ɗauke da sunayen 'ya'yan wasu ba. Jami'an NAFDAC da PCN da NDLEA kuwa suna da hurumin duba rajista, kuma wajibi ne su duba, domin ta haka ake gane shagon da ya karɓi kwali ɗari ya kasa nuna inda casa'in suka shiga. Sai dai daidaita lissafin kaya daban, ɗaukar hoton shafi da waya a tafi farautar sunaye daban. A ganina duk mai kaki, ko na tarayya ne ko na jiha ko Hisbah, idan sunan wani takamaiman mutum yake nema, ya zo da takardar alƙali.

Wanda ya fi shiga tsaka mai wuya shi ne mai ciwo na gaskiya. Mai amosanin jini, wato sikila, idan ciwon ya motsa, sai allurar fenta ko mofin ke sa shi runtsawa, kuma zai iya bukatarsu sau da dama a shekara. Haka mai ciwon daji. A kan takarda, tarihinsu da na ɗan ƙwaya kusan kamarsu ɗaya. Tun yanzu ma masu sikila na kokawa da kallon zargi da ake musu a wasu asibitoci. Idan aka bar wanda bai san aikin likita ba yana karanta wannan tarihi yana yanke hukunci, likitoci za su ji tsoron rubutawa, majiyyata su ji tsoron karɓa. Daga nan sai ina? Sai wurin mai tallan magani a faranti, da lungunan da ake sayar da tiramadol mai lamba 225, alhali NAFDAC miligiram 50 da 100 kaɗai ta amince da su. A can ba a tambayar suna. Littafin da mutane ke tsoro, sunayen bogi zai cika da su, sannan ba a kama ɗan ƙwaya ba, ba a kare mai ciwo ba.

Saboda haka kafin Ma'aikatar Lafiya ta jiha ko ta tarayya ta haɗa waɗannan bayanai wuri guda, a fara rubuta wa zai buɗe. Likitan da ke duba mutum da mai harhaɗa maganin da ke ba shi, su ga nasa kaɗai, ba na unguwa duka ba. Masu tsara manufa da masu nazari a jami'a alƙaluma suke bukata, a cire musu sunaye. Kowa ya shiga da mabuɗinsa, na'ura ta ajiye sunan wanda ya leƙa da ranar da ya leƙa, mai bayanin kuma ya iya neman a nuna masa wannan jerin. A sa wa'adin da za a goge. Tarar naira 250,000 da aka yanka a 2014 ma ta zama abin dariya a kuɗin yau, ya kamata 'yan majalisa su sake dubanta.

Masu shagunan magani, daga Ɗangwauro har cikin unguwanni, ba sai kun jira doka ta zo da kwaɗo ba. Ku sauke littafin nan daga kan kanta, ku rufe sunayen sama idan wani zai sa hannu, ku koya wa yaranku sassauta murya. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Kai kuma mai karatu, duk inda aka nemi sunanka da lambar wayarka kafin a ba ka magani, ka bayar da na gaskiya, sannan ka tambaya cikin ladabi wa ke ganin littafin, a ina kuma yake kwana. Idan ka tabbatar an fallasa bayaninka, ka kai ƙorafi ofishin PCN na jiha ko hukumar NDPC, domin doka tana bayanka.