Farar Riga Da Baƙar Fuska: Yawon Ɗaukar Hoto A Kurmi

Duk ɗan Arewa da ya daɗe a kurmi ya san darajar hoton da akan aika gida. Wasiƙa tana iya ƙarya, ɗan aike yana iya ƙari, amma idan tsohuwa ta ga ɗanta tsaye cikin babbar riga, kumatu sun ciko, to, hankalinta ya kwanta. Gani ya kori ji. Shi ya sa a da, ranar Salla, za ka tarar da layi a ƙofar mai hoto a Sabo ta Badun ko a Agege, da fatakin goro da dillalan shanu da masu gadi, kowa ya ci ado yana jiran a ɗauke shi. Yau kuwa kyamara tana cikin aljihun kowa, a jikin wayarsa, har yaron mai shayi ma yana ɗaukar hoto ya tura Katsina kafin ruwan ya tafasa.

Amma fa wata tsohuwar cuta tana nan ba ta warke ba. Mutum ya sa farar shadda, ya tsaya a rana tsaka, a ɗauke shi, sai hoto ya fito riga tana ƙyalli, fuska kuwa baƙi ƙirin, ba ka ganin kome sai haƙora da fararen idanu. Waɗansu su ce kyamarar ce ba ta da kyau, waɗansu su ce mai ɗaukar ne bai iya ba. Ni ba sana'ata ce hoto ba, sha'awa ce kurum ta sa nakan rataya kyamara ran Lahadi in shiga gari, kuma wannan al'amari na fuska da riga shi ne abin da ya fi cin lokacina. Ga abin da na gano.

Kyamara ba ta san mutum ba, ba ta san riga ba. Akwai wani ma'auni a cikinta mai auna haske, an kuwa gina shi bisa zaton cewa duk abin da ke gabansa, in aka gauraya farinsa da baƙinsa, zai tashi toka-toka, watau launin da ke mayar da kamar kashi 18 cikin 100 na hasken da ya sauka kansa. To, idan farar riga ta cika hoto, sai ma'aunin ya ga haske ya yi yawa, ya rage shi don ya mai da rigar toka-toka. Rigar da aka rage wa haske ba ta yi asarar kome ba, fuskar da ke samanta ita ce ke nutsewa cikin duhu. Daɗa ga rana a tsakar ka, hula ta jefa inuwa a goshi, ƙashin gira ya jefa inuwa a ido. Ina fuska za ta fito?

Akwai kuma laifin masu yin fim tun asali. Daga wajen shekarun 1950 kamfanin Kodak na Amurka yakan raba wa masu wanke hoto mai kala wani kati da hoton wata Baturiya a jiki, ana kiransa katin Shirley, da shi ake daidaita injin wanki. In fatar Baturiyar ta fito daidai, an gama, sauran mutanen duniya kowa ya ji da kansa. Wata malamar jami'a a Kanada, Lorna Roth, ta bi diddigin wannan magana ta buga a 2009, ta nuna cewa cikin waɗanda kukansu ya sa aka gyara fim ɗin har da masu sayar da cakulan da masu kujerun katako, domin hoton tallarsu ba ya bambanta katako mai duhu da mai haske. Ka ji fa, mai karatu, kujera ta riga mu samun mai jin kukanta. Sai a shekarun 1990 aka fito da katin da ke da baƙar mace a ciki, kuma har a 2021 kamfanin Google yana shelar cewa ya gyara kyamarar wayarsa don ta riƙa fitar da baƙar fata yadda take.

Maganin abin ba ya bukatar kuɗi. Na gwada shi a Sabo, unguwar da Hausawan Badun suka zauna tun 1916, da wani dattijo mai ɗinkin hula da ya yarda in yi ta ɗaukarsa. Na ɗauke shi a rana da azahar, hoto ya fito kamar yadda na faɗa. Na matsa da shi ƙarƙashin rumfa, bakin inuwa, fuskarsa tana duban fili, na taɓa fuskar a gilashin wayar don ma'auni ya auna ta ita kaɗai, sai ga tsagen kumatunsa da furfurar gemunsa ɗaya bayan ɗaya. Sa'an nan na karɓi tiren silba na mai goro, na sa yaro ya riƙe shi daga ƙasa ta gefe, yana karkata shi har hasken rana ya faɗo kan fuskar. Wannan na uku shi ya fi duka, domin har wani ɗan ƙyalli ya bayyana a cikin idanunsa, wanda shi ke sa hoto ya zama kamar mai rai. Abin da masu situdiyo ke sayen farar lema da fitilu masu tsada dominsa ke nan. In babu tire, farin zane ko farin bango ma ya isa, har ya fi taushi, don tire in ya yi ƙarfi yakan sa mutum ya runtse ido. Mai babbar kyamara kuwa sai ya ƙara haske da mataki ɗaya kan abin da ma'auni ya faɗa masa, in rigar fara ce sol.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Da hantsi da kuma la'asar sakaliya rana takan zo ta gefe, launinta ja-ja, ta kwanta kan baƙar fata kamar an shafa mata man shanu. Sai dai a nan kurmi ba ta jira. Ikko tana kusa da tsakiyar duniya, rana tana faɗuwa a miƙe, kafin ka gama gaisawa da mutane magariba ta yi. Wanda ke son wannan haske tilas ya riga shi isa wurin. Na hau hasumiyar Bower da ke kan tudun Oke Are, wadda aka gina a 1936, sau biyu a mako guda. Da tsakar rana rufin kwanon Badun ya fito fari fat ba fasali. Da yamma kuwa tsatsar kwanon ta yi ja kamar garwashi har iyakar ganin ido, ga benen Cocoa House mai hawa 26 ya miƙe a tsakiya. Wuri ɗaya, kyamara ɗaya, sa'a biyar ce kurum tsakani.

Hazon hunturu, wanda mu muka saba da shi tun muna yara, in ya gangaro kudu cikin Disamba da Janairu yakan zama alheri ga mai ɗaukar fuska, domin yana tace rana ya kashe kaifin inuwa. Ga mai ɗaukar gari daga nesa kuwa asara ce, kome yakan dushe. Damina ita ce abokiyar gaba ta sosai. Laimar kurmi tana sa wata irin funfuna ta tsiro a cikin gilashin kyamara, kamar saƙar gizo, in ta daɗe sai ta ci gilashin ba gyara. Kada a kulle kyamara cikin akwati ƙarƙashin gado wata da watanni. A riƙa fito da ita tana shan iska, a kuma ajiye ta tare da 'yan ƙullin nan masu tsotse laima da akan samu cikin kwalin sabon takalmi.

Dare kuwa shi ne inda na fi jin daɗin gwaji, don rayuwar mutanenmu a kurmi rabinta da dare ake yi: mai tsire, mai shayi, masu sauke tumatir da albasa a kasuwar Mile 12 tun kafin asuba. Kowa hannunsa yakan tafi ga filash, ni kuwa ina ganin filash ɓarna ce a irin wannan wuri. Tana wanke fuska ta yi maiƙo, ta kashe wutar tukuba, ta bar bayan mutum baƙi kamar rijiya. Ga kuma lissafinta: in nisa ya ninka biyu, hasken da ke isa ba rabi yake komawa ba, kashi ɗaya cikin huɗu ne. Mutumin da ke taku biyu daga gare ka ya ƙone, wanda ke taku huɗu ya dushe, na taku takwas ya ɓace. Masu kunna filash a filin ƙwallo suna haska ƙeyar wanda ke gabansu ne kawai. Abin da nakan yi, in kashe ta, in ɗora kyamara kan benci ko kan buhu don kada hannu ya girgiza, in roƙi mai tsire ya tsaya cik na daƙiƙa ɗaya kusa da fitilarsa. Hayaƙi yakan fito kamar farin mayafi, wuta ta haska rabin fuska ta bar rabi. Fitilar ƙwai da aci-balbal suna ba da launin rawaya mai daɗin gani. Doguwar fitilar lantarki takan sa fata ta yi kore-kore, ita kuwa fitilar caji ta zamani tana mai da mutum shuɗi kamar marar lafiya, gara a jingina ta da bango haskenta ya dawo a tausashe.

Ba laifi ba ne a yi amfani da filash in an san abin da ake nema. Malick Sidibé na Bamako da ita ya yi suna, yana bin samari wuraren rawa da dare a shekarun 1960, har aka ba shi babbar lambar girma a Venice ta ƙasar Italiya a 2007. A nan gida kuwa ga J.D. 'Okhai Ojeikere, mutumin ƙasar Edo, wanda ya fara da 'yar ƙaramar kyamarar Brownie da ya saya a 1950 yana ɗan shekara 20. Daga 1968 ya shiga ɗaukar kitson mata, yawanci ta baya, baƙi da fari, har ya tara kusan hoto 1,000 kafin rasuwarsa a Ikko a 2014. Wanda ya duba hotunan nan zai ga kowane silin gashi daban, baƙi a kan baƙi. Ashe ba fatarmu ce ke da wuyar ɗauka ba.

Mai yara a gida yana iya nuna musu asalin abin ba tare da ya kashe ko kwabo ba. A toshe tagar ɗaki da kwali har ya yi duhu sosai, a huda 'yar ƙofa kamar girman ƙwayar gyaɗa, a jira ido ya saba. Sai ga titi ya bayyana a bango, motoci da mutane suna tafiya kai a ƙasa. Malam Ibn al-Haisam, haifaffen Basra wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya yi irin wannan gwaji da fitilu, ya tabbatar haske a miƙe yake tafiya. Kyamarar da ke cikin wayarka ɗakin nan ne aka ƙanƙance.

Sai maganar ladabi, wadda ta fi ta haske muhimmanci ga baƙo. Kada ka ɗaga kyamara kan mutum sai ka yi sallama ka nemi izini. In unguwarmu ce, a fara da gaida Sarkin Hausawa ko mai unguwa, a kuma bar matan aure da gidajen kulle sai in maigida da su kansu sun yarda. Akwai malaman da ba su son hoto sam, in mutum ya ce a'a, to, a'a ce. In bikin masu gari ne, musamman inda dodanninsu suka fito, tambayi ɗan gari tukuna abin da aka hana. Barikin soja da ofishin 'yan sanda da filin jirgin sama kuwa, ko kallonsu kada kyamara ta yi, don ba kowane mai kaki ne ke da lokacin sauraron bayanin sha'awa ba.

Abin da ya sa nake matsa wa matasanmu su ɗauki abin nan da gaske shi ne wuraren da muke zaune ba su da tabbas. Bakin tekun Bar Beach, inda iyayenmu suka riƙa zuwa ɗaukar hoto da Salla, an cike shi da yashi tun wajen 2008 ana gina sabon gari a kai. Rikicin kasuwar Shasha a Badun cikin Fabrairun 2021 ya ci rumfuna da gidaje, kuma wuta ba ta tsallake akwatin hotuna. Waya ma tana faɗawa kwata, ana sace ta, tana mutuwa da duk abin da ke cikinta. Saboda haka hoton da ya yi kyau a kai shi a wanke a takarda, kofi biyu, ɗaya a nan ɗaya a aika gida Arewa inda iska ta fi bushewa. A juya bayansa a rubuta da fensir, da boko ko da ajami, sunan mutumin da garinsu da unguwar da aka ɗauka da shekara. Biro yakan huda takarda ya ɓullo ta fuska, fensir ba ya yi.