Kwamfuta ta ƙi tashi: ina takardun ciki?

A ce akwai wani manomin albasa a Galmi, cikin gundumar Malbaza. Shi ne magatakardan ƙungiyar manoman unguwarsu. Yana da kwamfuta ta hannu a gida, irin wadda wasu ke kira ordinatar. A cikinta yake rubuta sunayen ƴan ƙungiya, da buhunan takin da kowa ya karɓa bashi, da kuɗin da kowa ya biya. A cikinta kuma akwai hotunan sunan ɗiyarsa, da muryar mahaifinsa marigayi yana ba da tarihin gidansu.

Wata safiya cikin watan Afrilu, an gama cirar albasa, ana gab da taron biyan bashi, ya danna maɓalli. Shiru. Ya sake dannawa. Gilashin ya tsaya baƙi ƙirin. Sai gabansa ya faɗi. In lissafin nan ya ɓata, wa zai yarda da bakinsa? Wanda ya biya za a ce bai biya ba, wanda bai biya ba zai ce ya biya.

Ga abin da ya kamata mutumin nan ya sani. Mutuwar kwamfuta daban, ɓatan takardu daban. Sau da yawa kwamfuta takan ƙi tashi, alhali abin da aka ajiye a cikinta yana nan lafiya lau.

Rumbun kwamfuta

Kwamfuta kamar gida take, sassanta da yawa. Akwai batir da caja, su ke ba ta kuran. Akwai gilashi, inda rubutu ke fitowa. Akwai wani babban allo a ciki wanda ya haɗa dukan sassa, ana ce masa carte mère da Faransanci. Sannan akwai wani ɗan akwati da bai wuce tafin hannu ba. Shi ne faifan ajiya, wato disque dur. Takardu da hotuna da muryoyi duk a cikinsa suke kwana, ko da kuran ko babu.

Faifan ajiya shi ne rumbun gidan. In ruwan sama ya rushe zaure, ba a iya shiga gida ta ƙofa. Amma geron da ke rumbu bai san an yi ba. Sai dai a nemi wata hanya a kai gare shi.

Faifan ajiya iri biyu ne. Na farko yana da faifai masu sheƙi a ciki, suna juyawa sau 5400 ko 7200 cikin minti ɗaya. Wani ɗan hannu mai kai kamar tsinin allura yana shawagi a kansu, yana rubutu yana karatu, amma ba ya taɓa su. Tazarar da ke tsakaninsu ta fi silin gashi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Kamfanin IBM na Amurka ne ya fara sayar da irin wannan faifai a shekarar 1956. Na wancan lokaci ya kai girman firji biyu, kuma haruffa miliyan 5 kaɗai yake ɗauka. Hoto ɗaya ko biyu na wayar salula ta yau sun isa su cika shi. Iri na biyu ana ce masa SSD. Shi babu abin da ke motsi a cikinsa, ba ya ƙara, kuma ya fi jure faɗuwa.

Me ke kashe kwamfuta a ƙasar nan?

Daga Birnin Ƙonni har Illela da Badagishiri, maƙiyan kwamfuta sanannu ne. Akwai zafin bazara, lokacin da ma'auni ke wuce 40. Akwai ƙurar hunturu, wadda ke toshe fankar ciki har kwamfuta ta kasa shan iska. Akwai tsawar damina. Akwai kuma kuran da ke ɗaukewa ya dawo da ƙarfi, ko na injin janareto da ba ya tsayawa daidai. Mutane da yawa sun koma ga janareto a shekarar 2023, lokacin da aka yanke kuran da ke zuwa daga Nijeriya.

Yawanci waɗannan abubuwa caja suke fara ci, ko batir, ko babban allo. Rumbu yakan tsira. Abin da faifai mai juyawa ya fi tsoro shi ne faɗuwa ƙasa, musamman in kwamfuta tana kunne.

A fara da saurare

Kafin a kwance komi, sai a duba ƙananan abubuwa. A gwada wani soket. A ari cajar da ta yi daidai da tata a gwada. In batirin mai fita ne, a cire shi, a danne maɓalli na rabin minti, a sa caja kaɗai a kunna. Kwamfutoci da yawa nan suke farfaɗowa, mai su ya yi dariyar kansa.

In ba ta tashi ba, sai a kasa kunne a zuba ido. In babu fitila ko ɗaya, babu ƙarar fanka, to ciwon yana wajen kuran ko babban allo, kuma da alama takardu suna nan. In fitila ta kama, tambarin kamfani ya fito, amma Windows ta ƙi buɗewa, wataƙila tsarin da ke tuƙa kwamfutar ne ya rikice. Nan ma akwai sa rai.

Amma in aka ji faifai yana ƙas, ƙas, ƙas, kamar ana ƙwanƙwasa ƙwarya da tsinke, sai a kashe kwamfutar nan take. Ɗan hannun nan ne ya samu matsala, kuma yana iya karce faifan. Duk kunnawar da aka ƙara, ɓarna ce aka ƙara. Kada a buga shi. Kada a sa shi a firji, ko da wani ya rantse ya ga an yi. Kada kuma a buɗe cikinsa, don ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta lalata shi. Masu buɗe irin wannan faifai suna aiki ne a ɗaki na musamman da aka tace iskarsa, kuma aikinsu yana da tsada.

Hanya biyu ta shiga rumbu

Hanya ta farko ita ce a fitar da faifan. A cire caja da batir, a kifa kwamfutar a kan tebur mai tsabta, a kwance ƴan sukurorin baya, a zaro faifan a hankali. Sai a sa shi cikin wani ɗan kwanso mai wayar USB, wanda ake kira boîtier. A tabbata kwanson ya dace da bakin faifan, don bakin SATA daban, na M.2 daban. Daga nan a haɗa shi da wata kwamfuta mai lafiya. Zai fito kamar babbar kile. A shiga dosiyen Utilisateurs, a nemi sunan mai kwamfutar, a buɗe Documents da Images da Bureau. Wannan ba aikin yaro ba ne shi kaɗai. Babba ya kamata ya yi, ko mai gyara.

Hanya ta biyu ba ta bukatar kwance komi, amma sai in kwamfutar tana karɓar kuran. Akan zuba wani tsari na kyauta, kamar Ubuntu, a cikin kile. Sai a tada kwamfutar daga kilen, ba daga faifanta ba. Kamar mutum ne ya haura ta katanga ya tarar da rumbunsa. Yana iya kwashe abin da yake so ba tare da ya taɓa Windows ba. Wasu sababbin kwamfutoci an manne faifansu da babban allo, ba ya fita. Su wannan hanya ce ta rage musu.

Ko ta wace hanya aka shiga, a fara kwafar abin da ya fi muhimmanci. Faifai mai ciwo yana iya tsayawa a tsakiyar aiki. Saboda haka lissafin ƙungiya da muryar tsoho su ne gaba. Fina-finai da waƙoƙi su jira, ana samun su a wani wuri.

Kalmar da za a guje wa

Babban haɗari ba daga zafi ko ƙura yake zuwa ba. Daga gaggawa yake zuwa. A ce manomin nan ya hau mota ya kai kwamfutarsa Ƙonni wurin mai gyara. Mai gyara ya duba ya ce: «Maigida, abu mai sauƙi ne. In yi mata formate, in zuba sabuwar Windows, kafin la'asar ka ɗauki abinka.»

Amsar da ta dace ita ce: «A'a, Malam. Fara fitar mini da takarduna tukuna, in gan su da idona. Gyara ya biyo baya.»

Mai gyaran ba mugu ba ne. Shi kwamfuta aka kawo masa, kuma so yake ta tashi. Amma formate share rumbu ne don a zuba sabon hatsi. Wani lokaci ma ita kanta kwamfuta mai lafiya, in an haɗa mata faifan, takan tambaya ko a yi masa formate. A danna Annuler.

To, in an riga an yi fa? Ba lalle ne komi ya tafi ba. Faifai yana da wani jeri da ke nuna inda kowace takarda take, kamar shafin farko na littafin karatu mai nuna lambar kowane darasi. Sau da yawa wannan jeri kaɗai ake sharewa. In aka yage shafin farko, darussa suna nan, sai dai nemansu ya yi wuya. Akwai manhajoji masu bin faifai shafi shafi suna tsinto su. Biyu daga ciki su ne TestDisk da PhotoRec, waɗanda wani Bafaranshe, Christophe Grenier, ya ƙirƙira, kuma kyauta ne. Sai dai duk sabon abin da aka zuba a faifan yana iya hawa kan tsohon ya shafe shi har abada. Don haka a daina amfani da faifan, kuma abin da aka tsinto a zuba shi a wani wuri dabam. A faifan SSD wannan tsintuwa ta fi wuya, domin shi yakan share wurin da kansa ba da jimawa ba.

Akwai wani kwaɗo kuma da ke ba mutane mamaki. Sababbin kwamfutoci masu Windows sukan kulle faifansu da wani tsari mai suna BitLocker. In aka kai faifan wata kwamfuta, sai ta nemi mabuɗi mai lambobi 48. Yawanci yana ajiye a asusun Microsoft na mai kwamfutar. In babu shi, ko gwanin gwanaye ba ya buɗewa. Mai hankali yakan rubuta lambobin nan a takarda tun kwamfuta tana lafiya.

Wanda aka ba faifan wani kuwa, amana aka ba shi. Yana iya ganin bashin mutane da hotunan iyali. Ba a karanta abin da ba a ce a karanta ba, ba a kuma riƙe kwafi. Shi ma mai faifai gara ya zauna kusa a yi aikin a gabansa.

In Allah ya sa takardun manomin nan sun fito, sauran aiki kaɗan ne. Ya kwafe su a kile ɗaya ya ajiye a gida, cikin gwangwani mai murfi, nesa da rana da ruwa. Ya kwafe a wata ya kai wa shugaban ƙungiya. Muryar tsoho ya tura wa ƙannensa ta waya, kowa ya riƙe. Lissafin bashi kuma ya sa a buga masa a takarda, ya tafi da ita wurin taro, a karanta sunan kowa da buhunansa a gaban jama'a.