Bunsuru ko Taure: Shawarar da Ake Yankewa Tun a Turke

A yawancin gidajen karkarar ƙasar Hausa, awaki dukiyar mata ce. Idan akuya ta haifi mace sai a yi murna, garke ya ƙaru. Namijin kuwa ajiya ne, kuɗin taki ko na gadon 'yar da za a aurar. Tambayar ita ce a bar shi bunsuru, ko a mayar da shi taure.

Amsar tana ga ranar da ake son sayar da shi. Wanda za a kai kasuwa yana wata 3 ko 4, babu dalilin wahalar da shi. Amma daga wata 5 zuwa 6 ya balaga: ya fara wari, yana fesa wa gemunsa fitsari, ya bar harawa ya koma bin mata, har uwarsa da 'yan uwansa zai yi wa barbara. Taure ba ruwansa da wannan. Yana kwance yana tuƙa, kitse na taruwa, naman babu ƙarni.

Dandaƙar gargajiya, wadda ake ɗora jijiyar maraina a kan itace a bubbuga, azaba ce, kuma sau da yawa gefe ɗaya ne ke mutuwa. Malaman dabbobi suna da wani abu mai kama da filaya, Burdizzo, wanda ke matse jijiyar ba tare da an tsaga fata ba. Ana matse kowane gefe daban, kada layin biyu su haɗu. Cikin 'yan makonni marainan su motse. Zoben roba na jarirai ne, satin farko, kuma shi da fiɗiya da wuƙa suna buɗe ƙofa ga cutar sarƙewar haƙora. Da damina ƙuda sun yi yawa, gara a jira rani, a yi da sanyin safiya.

Akwai abin da masu turka ba su cika sani ba. Tauren da aka dandaƙe yana ƙarami ƙwarai, hanyar fitsarinsa takan tsuke. Idan aka ɗora shi kan dusa zalla, tsakuwa na iya toshe ta, ka gan shi yana yunƙuri yana kuka, fitsari na ɗiga. A yawaita masa harawa da ruwa, dusa kaɗan.

Babbar ɓarnar ma a wajen zaɓe take. Da buƙata ta taso, mafi girman bunsuru ake kamawa a miƙa wa dillali, a bar tsumburarre yana barbarar garke. Haka jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda fatarta ta yi suna har Turai, take ƙanƙancewa a gidaje da dama. Kamata ya yi a fara ware mafi kyau, wanda uwarsa ke da nono da haihuwar tagwaye, sannan a dandaƙe sauran.

Taure ya halatta a layya muddin ya cika shekara ya shiga ta biyu. Malaman Malikiyya sun fifita wanda ba a dandaƙe ba, sai fa idan tauren ya fi ƙiba. Bayan Babbar Sallah, kasuwa kan sake tashi a watan Disamba, lokacin da 'yan tireloli ke lodi daga Maigatari ranar Alhamis da Wudil ranar Juma'a zuwa Kudu. Kafin a ja igiya a fita, maigida ya leƙa kara sati guda kafin nan ya ji farashi, kuma a daddale la'ada da dillali tun ba a yi sallama ba.