Birnin Fas na Maroko: Inda aikin hannu ke ciyar da gari

Ma'aikacin gwamnatin da aka tura taro Rabat ko Kasablanka, in ya samu sararin kwana ɗaya, ya kamata ya hau jirgin ƙasa zuwa Fas. Tafiyar kusan awa huɗu ce daga Kasablanka. Tsohon birnin, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 1981, mota ba ta shiga cikinsa. Lungunansa matsattsu ne, jaki da alfadari ke dakon kaya, daga tukunyar gas har damin fatu. Baƙo zai yi ta jin ana kiran "balak", wato a ba da hanya.

Rayuwar yau da kullum a nan tana tafe ne da sana'a. Da safe za ka ga yara ɗauke da faranti a ka, sun nufi tanderun unguwa da kwaɓin burodin da aka yi a gida, anjima su dawo da shi gasasshe. A dandalin Saffarin, dab da masallacin Ƙarawiyyin da Fatima al-Fihri ta kafa a shekarar 859, maƙeran tagulla na buga tukwane da butoci tun hantsi. A wasu unguwanni ana sassaƙa ƙananan tayil masu launi da guduma, ɗaya bayan ɗaya, ana jera su a kife, sai an juyo aikin sannan zanen ya bayyana.

Wurin da ya fi jan baƙi shi ne majemar Shuwara. Daga benayen shagunan da ke kewaye da ita ake leƙo ramukan jima, masu shago kuma na miƙa wa baƙo ganyen na'a-na'a ya kara a hanci saboda wari. Ana jiƙa fata a ruwan farar ƙasa don gashi ya zube, a mayar da ita cikin ruwan kashin tattabara ta yi laushi, majema na tattaka ta da ƙafa, sannan a rina. Daga nan ta wuce hannun dukawa, su ɗinka jakunkuna da takalman nan masu tsinin baki da Marokawa ke sakawa ranar Juma'a da sallah.

A nan ne ɗan Najeriya ya kamata ya dakata ya yi tunani. Fatar da Turawa suka daɗe suna kira "fatar Maroko", suna yi wa littattafansu bango da ita, kaso mai yawa nata fatar jar akuyar Sakkwato ce, wadda ayarin raƙuma ke tsallaka Sahara da ita zuwa arewacin Afirka. Matafiyin Jamus Heinrich Barth, da ya iso Kano a 1851, ya rubuta yadda takalma da jemammun fatu da rinannun tufafi ke fita daga birnin zuwa ƙasashe masu nisa. Fata tamu ce, suna na wasu.

Abin da Fas ta fi mu da shi ba ƙwarewa ba ce. Majemanmu da ke jima da bagaruwa da marinan Ƙofar Mata ba kanwar lasa ba ne. Bambancin shi ne Marokawa da kansu ke sayen kayansu, gwamnati ta sanya aikin hannu cikin sunan ma'aikatar yawon buɗe ido, akwai kuma cibiyoyin da ake sayar da kayan bisa tsayayyen farashi, inda baƙo zai san kuɗin abu kafin ya shiga kasuwa taya ciniki. Mu kuwa, duk da cibiyar binciken fata ta tarayya da ke Zariya, fata mai yawa na ƙarewa a tukunya da sunan ganda, wata kuma ta fita waje a jeme, ta dawo mana a matsayin takalmi mai tsada.

Masu karanta wannan shafi su ne ke zaɓar jakar da za a raba a taro da kyautar da za a miƙa wa baƙon minista. Duk odar da ta tafi ga jakar roba daga ƙetare, baduku ɗaya ne a Kano ko Sakkwato ya rasa aikin wata guda. A sayo tsarabar Fas, ba laifi. Amma idan an dawo ofis aka zo rubuta takardar sayen kaya, a tuna inda fatar ta samo asali.