Ranar Biki Tukunya Ke Ƙonewa

Ranar Asabar, 5 ga Maris, 2022, jami'ar Duke da ke garin Durham a jihar Karolina ta Arewa, a Amurka, ta shirya wa kocinta na ƙwallon kwando bankwana irin wadda ba a saba gani ba. Mike Krzyzewski, wanda aka fi sani da Koci K, ya shafe shekara 42 yana horar da ƙungiyar, ya ci mata kofin ƙasa sau biyar: 1991, 1992, 2001, 2010 da 2015. Wannan ne wasansa na ƙarshe a zauren Cameron, wanda ke cin mutum 9,314. Tsofaffin 'yan wasansa sama da casa'in suka hallara, har da Grant Hill da Christian Laettner. Tikiti ya kai dubban daloli a hannun 'yan kasuwa. Abokiyar karawar kuwa ita ce jami'ar Karolina ta Arewa da ke Chapel Hill, maƙwabciyar da tsakaninsu bai kai tafiyar rabin awa a mota ba, kuma babbar abokiyar hamayyarta a rukunin ACC. Wata guda kafin nan Duke ta bi ta har gida ta lallasa ta da ci 87 da 67. Kowa ya ɗauka an gama magana. Da aka tashi, allo ya nuna Karolina 94, Duke 81.

Duk wanda ya taɓa zama a gidan da ake aurar da 'ya ya san yadda irin wannan ke faruwa. Gida ne da ya yi suna da iya girki, maƙwabta na yabon tuwonsa shekara da shekaru. To amma ranar ɗaurin aure uwar biki tana ɗaki tana amsar barka da gudunmawa, 'yan mata na gyara ɗaurin anko, maza na rumfa suna gaisawa da manyan baƙi, maroƙa na ƙofa suna wasa zuri'a tun daga kaka da kakanni. Can bayan gida kuwa babbar tukunya na kan murhu. Kowa ya wuce sai ya leƙa ya ce ai wance na kula da ita. Wancen ma ta tafi ganin amarya. Kafin a farga wuta ta yi yawa ta gefe ɗaya, ƙasan ya kama, ƙauri ya game gida. Kayan miya sun isa, masu iyawa ma suna nan. Abin da aka rasa shi ne wanda zai tsaya a cikin hayaƙi, inda ba a ɗaukar hoto.

A ƙwallon kwando, aikin bayan gida shi ne tsaro. Jefa ƙwallo cikin raga shi ne ɗaukar faranti zuwa gaban baƙi: ana gani, ana tafi. Tsaro kuwa shi ne iza wuta da tuƙa tuwo. Ka durƙusa ka bi ɗan wasanka duk inda ya nufa, ka yi wa ɗan'uwanka magana idan an zo tare masa hanya, ka koma baya da gudu bayan jifanku ya kuskure, ka sa jiki ka hana abokin gaba ɗaukar ƙwallon da ta dawo daga allo. Ba mai rubuta maka maki kan wannan. Alƙaluman wasan sun nuna inda ƙaurin ya taso. Maki 81 ba kaɗan ba ne a wasan jami'a mai minti 40. Da su ake cin wasanni da dama. An ma tafi hutun rabin lokaci Duke na gaba da 41 da 39. Amma a minti 20 na ƙarshe Karolina ta zuba maki 55. Ƙungiyar da ta bari aka zura mata 55 a rabin wasa ɗaya, a gidanta, ba hannunta ne ya kasa ba, ƙafafunta da bakinta ne suka daina aiki.

Dabarar da Karolina ta yi amfani da ita ba sabuwa ba ce. Babban ɗan wasa ya fito ya tsaya kamar shinge a gaban mai tsaron wanda ke riƙe da ƙwallo, shi kuma ya zagaye shi ya nufi raga. Nan take masu tsaro biyu sai sun yanke shawara cikin ƙiftawar ido: a yi musayar mutum ne, ko kowa ya riƙe nasa? In ba su yi magana ba, ko su biyun su bi mutum ɗaya, ko su biyun su sake shi. RJ Davis da Caleb Love suka yi ta bin wannan ƙofa. In an rufe su, su miƙa wa Armando Bacot a ƙarƙashin raga, ko su cilla wa Brady Manek a waje ya harba daga nesa. Bacot ya tashi da maki 23, Love 22, Davis 21, Manek 20. Da mutum ɗaya ne ya addabi Duke, sai a ce tauraronsa ne ya haska a daren. Mutum huɗu kowanne da ashirin ko fiye, wannan na nufin kowace kusurwa ta murhun an bar ta ba mai dubawa.

Sai a tambaya, su wa aka bar wa tukunyar? Yara ne. Paolo Banchero, wanda bayan 'yan watanni ƙungiyar Orlando ta ɗauka a sahun farko na zaɓen NBA, yana shekararsa ta farko a jami'a. Haka AJ Griffin da Trevor Keels. Mark Williams da Jeremy Roach suna ta biyu. A ganina nauyin da aka ɗora musu ya wuce na wasa ɗaya. Yarinyar da ta iya tuƙa tuwon mutum goma, in ka tsayar da ita gaban tukunyar mutum ɗari, ga gwaggonni da kakanni sun zuba mata ido, sai muciya ta yi mata nauyi. Waɗannan samari sun ɗaga kai sun ga mutanen da hotunansu ke rataye a bangon makarantar zaune suna kallonsu, kowa na jiran a ba tsoho kyautar rabuwa. Da wasa ya fara juyawa, sai gaggawa ta shigo, kowa na son ya ceci ranar da hannunsa. Banchero ya ci maki 23, amma jifan da ya zubar ya fi wanda ya shiga yawa. Ga shi kuma Duke ta riga ta lashe kambun rukunin na kakar kafin wannan dare, don haka ba matsayi take nema ba, kunya take gudu. Mai gudun kunya kuwa da wuya ya saki jiki.

Karolina ba ta da baƙon da za ta tara. Hubert Davis yana shekararsa ta farko a matsayin babban koci, bayan Roy Williams ya yi ritaya, kuma ƙungiyarsa na buƙatar babbar nasara don ta tabbatar da gurbinta a gasar ƙasa ta watan Maris. Ya gyara kuskuren karawar farko, inda Bacot ya yi ta fama da tsaron Banchero har ya tara laifuka da wuri. A wannan karon Manek aka ba aikin. Sannan ya yi abin da koci kan ji tsoron yi: a duk rabin wasa na biyu bai canja ko mutum ɗaya ba. Bacot, Manek, Love, RJ Davis da Leaky Black su biyar suka buga minti ashirin ɗin cur. Manek ya riga ya yi shekara huɗu a Oklahoma, Black na shekararsa ta huɗu. Sun san juna, sun san aikinsu, ba su zo cin shinkafar kowa ba. Raina kama ka ga gayya.

Bayan an tashi, kafin a soma jawaban girmamawa, Krzyzewski ya karɓi makirufo ya nemi jama'a su yi shiru, ya ba su haƙuri, ya ce abin da aka yi a ranar ba abin yarda ba ne, amma kakar ba ta ƙare ba. Ya yi gaskiya. Duke ta farfaɗo har ta kai zagayen ƙungiyoyi huɗu na ƙarshe a gasar ƙasa, karo na 13 a tarihin kocin.

A nan ne ya kamata a yi wa Karolina adalci, kada a ɗora wa shagali laifin duka. Ranar 2 ga Afrilu, 2022, a birnin New Orleans, ƙungiyoyin biyu suka sake haɗuwa, karo na farko da suka taɓa karawa a gasar ƙasa. Wannan karon ba gidan kowa ba ne, kuma Duke ta zo a shirye. An yi ta ba-ni-in-ba-ka har daƙiƙun ƙarshe, sai Love ya harba wata mai maki uku da ta karya lagon Duke. Aka tashi 81 da 77, aikin Krzyzewski ya ƙare da nasara 1,202. Tazarar maki 13 ta koma huɗu. Ni dai haka nake karanta alƙaluman biyu: hankalin da ya rabu ya ƙara wa kashin watan Maris muni, amma asalin nasarar ta Karolina ce, ƙungiyar da ta gyara kanta tsakanin Fabrairu da Maris, alhali maƙwabciyarta na ci gaba da auna ta da sakamakon wasan farko.