Idan injin ban-ruwa mai aiki da batir ya tsaya, a fara duba waya

Ƴan'uwa manoma, a garake da dama na ƙasarmu ƙaramin inji mai aiki da batir ya fara maye gurbin guga. Amma ranar da ya ƙi tashi, ga albasa da salati suna jiran ruwa cikin zafin rana, hankalin mai garka yakan tashi. Sai ya yanke hukunci cewa inji ya ƙone, ya tafi neman bashi domin sayen sabo. Sau da yawa kuwa injin lafiyarsa lau. Wuta ce ba ta isa gare shi ba, ta tsaya a hanya.

Ga dalili. Wutar gida ta gari tana da ƙarfin bolt 220, ta batir kuwa bolt 12 ce kawai. Saboda ƙarfinta kaɗan ne, dole ta gudana da yawa kafin ta juya inji. Injin wat 240 yana jan ampar 20 daga batir, alhali a wutar gari ampar ɗaya da ɗan kai zai ja. Kamar ruwa mai yawa ne cikin ƙaramar hanya: duk wurin da hanyar ta tsuke, aiki ya ragu. Haka abin yake ga ƙaramin injin batir da masunta suke ɗaurawa ga jirgin ruwa, kuma yadda ake neman ciwonsu ɗaya ne.

A fara daga batir. Idan akwai ma'aunin wuta, cikakken batir da ya huta yana nuna wajen bolt 12,6. Idan ya sauka zuwa 12, ya yi rauni, sai a yi masa caji. A sake aunawa lokacin da aka kunna inji, domin tsohon batir yakan nuna ƙarfi yana zaune, da an ɗora masa kaya sai ya faɗi.

Daga nan a dubi kawunan batir guda biyu. Farin gari ko kore da yake taruwa a kansu yana tare wuta. A kwance wayar da ke kan alamar ragi (-) tukuna, sannan ta alamar tarawa (+). A jiƙa kanwa cikin ruwa mai ɗumi a wanke kawunan, amma kada ruwan kanwar ya shiga cikin batir, zai kashe ƙarfinsa. A kankare har ƙarfe ya yi haske, a ɗaure tamau, a shafa ɗan giris a kai. Wajen mayarwa, wayar tarawa ce ta farko.

Wanda ba shi da ma'auni kada ya damu. Ƙwan fitilar mota na bolt 12 da aka haɗa wa waya biyu ya isa. A taɓa waya ɗaya ga layin ragi, ɗayar kuma a bi layin tarawa da ita mahaɗi bayan mahaɗi: bayan fizibil, bayan makunni, har bakin inji. Inda ƙwan ya daina kamawa, tsakanin nan da wurin da ya kama na ƙarshe ciwon yake. A lanƙwasa wayar a hankali ana kallon ƙwan, saboda takan karye daga ciki robarta tana nan lafiya. Ɓera da gara ma suna nasu aiki, balle wayar da aka bari kwance cikin laka.

Wani lokaci inji yana juyawa amma ba ƙarfi. A bar shi ya yi aiki minti biyu ko uku, a kashe, a shafa mahaɗai da hannu. Wanda ya yi zafi shi ne yake cin wutar. Idan wayar ce duka ta yi ɗumi, to ta yi siriri. Na taɓa iske wani ɗalibinmu na yaƙi da jahilci ya ja wa injinsa wayar fitilar ɗaki, yana ta zagin wanda ya sayar masa da injin. Mu yi lissafi: batir yana nesa da inji metir 5, wato wuta tana tafiyar metir 10 zuwa da dawowa. Da ampar 20, waya mai kaurin 2,5 tana zubar da wajen bolt 1,4 a hanya, mai kaurin 6 kuwa wajen 0,6 kawai. Abu mafi sauƙi shi ne a matso da batir kusa da inji.

Fizibil ɗan ƙaramin ƙarfe ne da aka yi domin ya narke kafin inji ko waya su ƙone. Idan ya tsinke, a nemi dalili: ko wayoyi biyu tsirara sun haɗu, ko yashi da ciyawa sun riƙe farfelar inji, ko zaren kamun kifi ya naɗe ta idan na jirgi ne. A sa sabo mai lamba irin ta tsohon. Masu ɗaura guntun waya a wurinsa suna cewa dabara ce. A ganina, sayen gobara ne da kuɗin aljihu.

A kiyaye lafiyar jiki wajen wannan aiki. Batir yana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji, don haka kada a sha taba kusa da shi. A cire zobe da agogon ƙarfe. Idan ruwan batir ya fantsama a ido, a wanke da ruwa mai tsabta da yawa har minti 15, a garzaya gidan likita. Inda aka jera alluna masu yawa na hasken rana kuwa, ƙarfin wutarsu yana iya kisa, sai a kira gwani.

Idan wuta tana isa bakin inji da cikakken ƙarfinta amma bai juya ba, ko ana jin ƙaurin ƙuna daga cikinsa, lokacin nan ne za a kai shi wurin makanike. Wataƙila gawayin da ke cikinsa ne ya cinye, kuma canza shi bai kai kuɗin sabon inji ba.